Ranar da Na Rataye Askar Kakana

Ko zan manta da komai a duniya, ranar kasuwar nan ta Doguwa ba za ta fita daga raina ba, ranar da na tsaya gaban jama'a na ƙaryata kaina da bakina.

Ni wanzami ne, gadon gidanmu ke nan, karatuna kuwa bai wuce firamare ba. A zabirata akwai wata aska da kakana ya bar wa babana, shi kuma ya bar mini. Da ita nake aski, da ita nake tsagar ƙaho. In na gama da mutum sai in goge ta a tafin hannu, in ce na gaba ya zauna. A gidanmu ba a sa ta a wuta ko a tafasasshen ruwa, wai albarkarta za ta gudu.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in yayana ya kwanta. Idonsa ya yi rawaya, ciki ya kumbura, muka ce shawara ce. Na jiƙa masa saiwoyi, na yi masa ƙaho har sau uku, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Ba shi kaɗai ya tafi haka a garin ba. Shi ya sa wani tsohon hedimasta ya tara 'yan gari suka kafa ƙungiyar taimakon juna. Suka yi ta zarya Kano har wata malamar asibiti ta yarda za ta zo ta ɗebi jinin mutane kyauta, a kai birni a auna.

Sati guda kafin ranar, ta yi bayani a ƙofar gidan mai unguwa. Ta ce akwai wani ciwon hanta, nau'in C, da ba a daɗe da gano shi ba. Yakan yi shekaru a jiki mutum bai sani ba, kuma ta jini yake bi, kamar allurar da aka yi wa wani ko askar da ta yanki wani. Tana ambatar aska na ga kawuna sun juyo wajena.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Wanzami ba ya rasa mai saurare, wanda kansa ke hannunka dole ya ji ka. Duk wanda ya zauna sai in raɗa masa cewa jinin nan sayar da shi za su yi a birni. Ban ji daga bakin kowa ba, ni na ƙirƙira. Allah ya yafe mini.

Ranar kasuwa suka jera benci a makarantar firamare, daura da rumfata. Har hantsi ya ɗaga babu wanda ya leƙa. Hedimasta ya biyo ta gabana, ya ce, "Wanzam, in azahar ta yi ba kowa, malamar za ta koma, kuma ba mu da fuskar sake kiranta." Na duƙar da kai ina wasa aska.

Sai ga wani dattijon Bafulatani daga rugagen Falgore, wanda shekara da shekaru ni nake masa aski. Ya cire malfa ya zauna, na jiƙa kan. Ina ɗaga aska ya riƙe mini hannu.

"Wa ka aske da ita yanzu?"

"Baffa, yau kuma? Ko kai ma matar nan ta hure maka kunne?"

"Ni ban san boko ba, shanu na sani," in ji shi. "In na yi wa saniya mai ciwo tsaga, wuƙar ba ta taɓa wata sai ta sha wuta. Kana nufin kaina bai kai na saniya daraja ba?"

Masu jiran aski suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na dubi askar. Da ita na tsaga bayan yayana, washegari na aske 'ya'yana biyu, na gyara gemuna. 

Na naɗe zabira, na tsallaka titi, mutane na bi na da kallo. A bakin makarantar na juyo na ɗaga murya: "Jama'a, maganar sayar da jini ƙarya ce. Ni na ƙirƙire ta don tsoron kada sana'ata ta mutu." Na shiga na miƙa hannu. Kafin a zare allurar na ji muryar Baffa a bayana yana cewa, "Ka bar ni da jiƙaƙƙen kai, to matsa in zauna." Bayansa mahauta, bayansu masu hatsi, mata kuma aka ware musu aji guda. La'asar ba ta yi ba kwalaben malamar suka ƙare, ta yi alkawarin dawowa, kuma ta dawo.

Da sakamako ya fito, ina cikin masu ɗauke da ciwon. 'Ya'yana da Baffa Allah ya tsare su. Na tambayi malamar ko ni na jawo wa yayana. Ta ce, "Wannan Allah kaɗai ya sani. Amma wanda zai zauna gabanka gobe, wannan a hannunka yake."

'Yan ƙungiyar da na ɓata wa suna ba su guje ni ba. Su suka riƙa raka mu asibiti, suka hana ni shan jiƙe-jiƙe barkatai, suka wayar wa iyalina kai cewa cin tuwo a kwano ɗaya ba ya yaɗa shi. Ni kuma na zama bakinsu wajen 'yan'uwana wanzamai. Tudun Wada, Kiru, Bebeji, har Kwanar Dangora, na bi rumfa-rumfa ina nuna musu sabuwar reza ga kowane kai. In wani ya yi gardama sai in ce ya dube ni. Lokacin babu maganin da talaka zai iya kaiwa gare shi, amma Allah ya ja kwanana har ya samu, na sha, aka auna aka ce na rabu da ciwon.

Askar kakana tana nan rataye a ɗakina, tun ranar ba ta sake taɓa kan kowa ba. Abin da na koya shi ne, gado ba ya fin ran mutum, kuma kunyar da za ka sha ta yini ɗaya gaban kasuwa ta fi sauƙi a kan wadda za ka sha gaban Mahaliccinka.