Ƙaramar Tukunyar Ummu Ragab

Kafin masu kifi su fara hayaniya a bakin kogi, Nabawiyya ta riga ta shanye ruwa kofi biyu, ta yafa baƙin mayafinta, ta kama hanya. Mutanen garinmu Zifta ba su cika kiranta da wannan suna ba. Ummu Ragab suka sani, mai girkin biki. Daga gidanta zuwa kasuwar ganye tafiyar minti goma ce, amma sai ta zagaya ta bayan gada ta mayar da ita ta minti arba'in. Masu a-daidaita sun gaji da tsaya mata. In wani ya nace, sai ta ce, "Wuce abinka, ɗana. Ba ni ke son tafiyar ba, hanjina nake kaiwa yawo."

Karin kumallonta ba ya canjawa: dafaffen wake da ɗan man zaitun, gurasa mai dusa, da duk ganyen da Allah ya hore. Daga nan sai gidan da aka ɗauke ta girki a ranar, ko na aure, ko na suna, ko na sadakar mamaci. Ta ɗora manyan tukwanen da mutum zai iya wanka a ciki, ta zuba man shanu ba tausayi, ta jera agwagi. In duk sun kama tafasa, sai ta jawo wata 'yar tukunya mai hannu ɗaya daga jakarta, ta ɗora a murhun gefe. Ba mai biki da ya taɓa sa ta wannan aiki.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayi bayan shekara arba'in da ɗaya, domin gwiwoyi sun ce ya isa. Shekara ashirin da biyu na yi ina wanke faranti a gefenta. Abin da zan faɗa, ko na gani, ko waɗanda suka gani sun gaya mini.

Tana da shekara hamsin da biyu ciwon ya kama ta. Wani abu ne ke murɗa mata mara ta gefen hagu, ciki ya kumbura kamar ganga, bayan gida ya yi kwana uku bai zo ba. Ta ce kambun baka ne, don a makon nan an yaba mata dafa-dukar tantabaru a gaban jama'a. Ta yi turare, ta sha na'ana'a. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita kusa da tukunyar fatta, abincin bikin nan na shinkafa da gurasa da nama, aka kwashe ta zuwa asibiti.

Wata likita 'yar siririya ta zana mata hoton babban hanji a bayan takarda. Ta ce da shekaru suka ja, jikin hanjin ya yi rauni a wasu wurare, ya fitar da 'yan aljihuna. Mutane da yawa suna da su ba su sani ba. Amma wani lokaci ɗaya yakan kumbura, shi ne ciwon da zazzaɓin.

Ummu Ragab ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce, "'Yata, tun ina yarinya nake roƙon tela ya sa mini aljihu a riga, bai taɓa sawa ba. Ashe can ciki aka ɗinka mini."

"Kuma ba sa ɓacewa, Inna. Zama da su za ki koya."

"Na zauna da baban Ragab shekara talatin. Gaya mini dai abin da suke so."

Likita ta gaya mata. Ruwa da yawa, tafiya kullum, wake da ƙaninsa adas, mai ƙananan ƙwayoyi, da ganye da dusa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali don kada ciki ya yi tawaye. A rage jan nama da kitse. In ciwo ya taso, a sauka zuwa romo da abu mai laushi na 'yan kwanaki, kuma kada a sayi maganin ciwon jiki a sha barkatai. In an ga zazzaɓi ko jini, ba shawara da maƙwabta, asibiti. Ummu Ragab ta tambayi abu guda: 'ya'yan kabewa da take ɓarzawa da yamma fa? Likita ta ce da can ana hanawa, yanzu an bar wa mutum, in ba su dame shi ba ya ci. Ta ce, "Allah ya taimake ki, don da kin hana da na canja likita."

Duk bayanin nan ita ta dunƙule shi a magana ɗaya da har yanzu take nanata wa mutane: in hanji ya kwanta ka ba shi aiki, in ya tashi ka ba shi hutu.

Da ta koma bakin murhu sai idonta ya buɗe. Ta bayan labule ta fara hango masu irin ciwonta a kowane biki. Ga dattijo ya zauna a karkace, hannu a ƙarƙashin riga ta hagu, yana murmushin dole, mai gida kuma na tula masa nama. Ta gane nata. Ta kuma gane cewa namijin Zifta ya gwammace a ce zuciyarsa ta lalace da a ce hanjinsa. Ciwon zuciya ana faɗarsa a majalisa har a gyara wa mutum matashi. Ciwon hanji kuwa sai matarsa ta zo ƙofar baya, ta duba gabas da yamma, ta raɗa.

Don waɗannan aka ɗora ƙaramar tukunya. Wanda cikinsa ke kwance, faranti zai zo masa da kuɓewa da lalo da alkama, da 'yar tsoka a kai don kada a gane. Wanda ya taso daga jinya, romon kaza da aka kwashe kitsensa da shinkafa luguf. Ba ta taɓa faɗar sunan kowa ba, ko a gare ni. Ba ta kuma taɓa mayar da kanta likita ba. Wani wanzami ya zo mata jiki kamar garwashi yana neman romo, ta taɓa goshinsa ta ce, "Kai ba na tukunyata ba ne yau." Da kanta ta tsayar da mota. An ce da ya ƙara kwana biyu da sai an yi masa tiyata.

Ummu Ragab, ke ce mai ciyar da ɗari biyu ki tuna da mutum ɗaya. Ke ce rumbun asirin dattawa.

Amma ranar da Zifta ba za ta manta ba ita ce ta gidan Alhaji Bayyumi, dillalin shanu. Mutum ne mai kyauta, sai dai kyautarsa da faɗa take zuwa. In ya ajiye wa baƙo faranti, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A bakin aurena sai ka cinye." Ba wanda ke son a ce shi ya kashe auren matarsa Hajiya Ihsan, don haka kowa sai ya runtse ido ya tura. Shekara talatin da ɗaya mutanen gari suna riƙe da auren Alhaji da cikinsu.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Ustaz Fikri, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya zo da danginsa nema wa ɗansa auren 'yar Alhaji. Kwanansa uku da fitowa daga asibiti. Likita ta ce romo da abu mai laushi har mako ya cika, in ba haka ba gadonsa na asibiti na nan ba a ba kowa ba. Matarsa ta riga ta bi ta ƙofar baya tun da safe, Ummu Ragab ta shirya masa kwanonsa. Sai dai kwanon bai kai gabansa ba. Alhaji ya tare shi a hanya, ya leƙa, ya ɓata rai.

"Wannan ruwan wankin kaza wa za a ba? Surukina?"

Ya ture shi gefe. Ya jawo tiren fatta, shinkafa da gurasa suna iyo cikin man shanu, ya ɗora cinyar rago, ya ƙara rabin agwagwa don kada cinyar ta yi kaɗaici.

Ustaz Fikri ya ce, "Alhaji, a yi mini uzuri. Zuciya ce take ɗan..."

"Zuciya nama ce, nama take so. A bakin aurena sai ka ga ƙasan tiren nan."

Ɗan Ustaz ya sunkuyar da kai, don ya san inda ya kwana da ubansa makon jiya, ya kuma san yarinyar da ke bayan bangon nan. Ustaz ya dubi tire, ya dubi ɗansa, ya yi bisimilla irin ta wanda zai shiga kogi bai iya iyo ba, ya miƙa hannu.

A shekara talatin da wani abu na aikinta, Ummu Ragab ba ta taɓa taka ɗakin maza ana cin abinci ba. Ranar ta ɗaga labule ta shiga da ludayi a hannu. Ta yi sallama, ta ɗauke tiren daga gaban Ustaz, ta tsaya da shi.

Alhaji ya ce, "Ummu Ragab, lafiya?"

"Ita na zo nema, Alhaji. Ni Nabawiyya ina da aljihuna a hanji. In suka tashi, kwana uku ba na zagayawa, in na ci irin wannan kuwa sai an ɗauke ni a mota. Na faɗa a gaban maza, ga shi rufin ɗaki bai faɗo ba. Ban san ciwon kowa ba, nawa na faɗa."

Ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsaya a kan kowa ba. Wani kawun amarya ya yi gyaran murya ya ce shi ma dai, wani lokaci, ta hagu. Wani mai shagon yadi ya ce nasa shekara shida. Ustaz Fikri ya goge gumi ya ce, "Alhaji, zuciyata lafiyarta ƙalau. Hanji ne. Talata aka sallame ni."

Alhaji ya rasa inda zai sa yatsan da ya ɗaga. "To ai na riga na rantse."

Sai aka ji muryar Hajiya Ihsan daga bayan labule, a natse, kamar mai tambayar farashin tumatir. "Ustaz, kada ka ci don ni. Akwatina a ɗaure yake tun shekarar da aka haifi yarinyar nan. Gidan yayana akwai baranda mai kallon kogi."

"Ihsan, ana maganar maza."

"Da aurena ake maganar, Alhaji."

A nan ne aka ga dillalin shanu ya rikice. Ya juya wajen limamin unguwa, Shehu Abdul-Mun'im, wanda duk wannan abu bai ajiye ƙafar agwagwar da ke hannunsa ba. Liman ya haɗiye, ya tambaye shi tsakaninsa da Allah: da ya yi rantsuwar, rabuwa da Hajiya yake nufi, ko so yake baƙo ya ci?

"Ni ina zan iya rabuwa da ita? Ko inda maganina yake ban sani ba."

Liman ya ce to a fahimtarsa wannan rantsuwa ce, sai ya yi kaffara, ya ciyar da mabuƙata goma, ya kuma daina wasa da igiyar aure a kan shinkafa. Ummu Ragab ta ce, "Ga tire a hannuna, akwai biyu a madafa. Masu jiran sadaka a ƙofar masallaci sun fi goma, kuma hanjinsu lafiya lau." Alhaji da kansa ya ɗauki ɗaya a ka ya fita, jama'ar layi na kallo. Da ya dawo ya tarar da Ustaz yana kurɓar romonsa, kawun amarya kuma yana tambaya ko akwai saura. Aka karanta Fatiha, aka sa rana. Ustaz ya cika makonsa a gida, bai koma gadon asibiti ba.

Muka koma madafa. Ta zauna a kan buhun albasa ta ce, "Na tona wa kaina asiri a gaban liman." Can kuma ta ce, "Miƙo mini ruwa, yau kofi huɗu kawai na sha."

An yi auren. Ranar sunan jikan farko, Alhaji ya ajiye wa Ustaz faranti, yatsa ya fara tashi don sabo, Hajiya ta yi tari a bayan labule. Ya mayar da yatsan ya sosa gemu, ya ce, "Ci abin da cikinka zai ɗauka, surukina." An ce kalmomin sun fito masa da ƙyar kamar ana cire haƙori, amma sun fito.

Ummu Ragab, ba ki warkar da kowa ba, ke ma kina nan da naki. Abin da kika yi shi ne kika koya wa gari guda yadda ake zama da ciwon da ba ya tafiya, ba tare da mutum ya daina zuwa biki ba, ba kuma tare da ya yi wa hanjinsa ƙarya ba. Mun gode. Allah ya hutar da gwiwoyin nan, ya kwantar da abin da ke hagu, ya sa ki ci girkin wasu ki kushe shi shekaru masu yawa.

Ku kuma masu girki da ke tasowa, ku riƙa leƙawa ta labule, akwai mai murmushin dole a kowane taro. Mai ciwo ya faɗi sunan ciwonsa, ya je asibiti tun yana iya tafiya da ƙafarsa. Masu gida, in baƙo ya ce ya ƙoshi, ku yarda da shi. Wanda ke son aurensa ya ɗore, ya je ya lallashi matarsa, ya ƙyale hanjin mutane.