Alamomi Huɗu a Gwangwanin Belmiro

Belmiro bai taɓa shan wiwi ba, ko zuƙa ɗaya. Gara in fara da wannan, don shi ne abin da ya fi ba 'yan sanda wahalar ganewa.

Shekara talatin da huɗu yana kuku a jirgin kamun sadin na Mestre Custódio (Mestre muke ce wa ubangidan jirgi), a nan Póvoa, garinmu na bakin teku. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum hannunsa na warin albasa. Layinmu ɗaya. Ina zaune a ƙofar gida ina ɗinkin raga, shi kuma ya wuce da kwandonsa, mu ɗaga wa juna haɓa, shi ke nan an gaisa. A jirgi, duk abin da za a ci ko a sha, kuku ne ke sayowa, shi ke ajiyewa, shi ke rabawa: burodi, man zaitun, kofi, taba, har giyar ranar Asabar. Haka muka tarar. Ba mai shiga teku da guzurinsa daban sai ka ce baƙo.

A shekarun da hodar nan da ake ɗura wa jini da allura ta shigo unguwar masunta, tun ba a sauya doka ba, ta ɗauke masa ƙane. A bayan tsohuwar masana'antar kifin gwangwani aka tsince shi. Belmiro ba ya maganar, ni ma ba zan yi ba. Abin da na sani, tun daga lokacin ba ya son ganin wani ɗan jirginsu ya doshi bayan masana'antar nan, ko da wiwi kaɗai ya je nema, don mai sayar da wannan yana da wancan a ɗaya aljihun.

Da ya lura mutum uku a jirgin suna busawa, wato Norberto mai jan raga da wasu 'yan'uwa biyu na gidan Torrão, bai yi wa kowa wa'azi ba. Sai ya haɗa abin cikin cefanensa. Su kawo kuɗinsu, ya samo ƙaron wiwi, wanda ake dunƙulewa kamar sabulu, daga inda yake samowa, ban taɓa tambaya ba, ya yanka da wuƙar albasa, ya naɗe rabon kowa a takarda, ya jefa a tsohon gwangwanin kofi. Dokokinsa biyu ne. Ba a taɓa gwangwani a teku, don injin jan raga ba ya mayar da yatsa in ya ci. Ba a kuma taɓa shi a tudu sai an sauke akwatin kifi na ƙarshe, an wanke jirgi, mai babur ya kai babur ɗinsa gida ya dawo da ƙafa.

Kowane gidan masunta a nan yana da alamarsa, 'yan zane-zane da ake tsagawa da wuƙa a jikin filafili da kwando da bakin kabari. Autan gida ke gadon alamar yadda take, yayyensa su ƙara layi ɗaya ko biyu. Matasa sun daina. Belmiro bai yi nisa a makaranta ba, don haka bai rubuta sunan kowa a ƙunshinsa ba. Alamar gidan mutum yake zanawa da fensir.

Wata Talata a watan Yuni jirgin ya dawo maƙil. Ina can. An daɗe ba a ga kamu irin wannan ba: sadin har gwiwa, tsuntsaye na ihu a sama, dillalai na ihu a ƙasa, Mestre Custódio na dariya har ana ganin haƙorinsa na zinari. Ashe 'yan sanda sun zo tashar da kare, suna neman wasu buhunan ƙwaya da aka ce teku ta watso. Ba su sami buhu ba. Karen dai ya zagaya, ya zo gaban kwandon Belmiro, ya zauna kamar an ba shi kujera.

Dokar kowa ya san ta, ko yana zaton ya sani. In abin da ke hannunka bai wuce na shan kwana goma ba, ba kotu ba kurkuku, sai a tura ka gaban kwamiti a yi magana da kai. A ƙaron wiwi, giram biyar ke nan. Sayarwa kuwa laifi ne kamar jiya. A gwangwanin Belmiro aka sami giram goma sha shida, ƙunshi huɗu, kowanne da zane a kai.

Ɗan sandan da ya buɗe gwangwanin yaro ne mai ladabi, daga garuruwan kan duwatsu aka kawo shi. Har da Ti ya haɗa masa, yadda muke kiran dattijo.

"Naka ne, Ti Belmiro?"

"A hannuna yake."

"Kana sha?"

"Allah ya kiyaye. Ni ko taba tari take sa ni."

Yaron ya dafe goshi. "Ti, don Allah ka taimaki kanka. Ba ka sha, ga shi an yayyanka, an naɗe, ga lambobi a jiki. To na wa ne?"

"Na masu shi."

"Su wa?"

"Ka taɓa jin kuku ya faɗi wanda ya ƙara kwano?"

Da la'asar aka sake shi da takarda: ranar Juma'a ya bayyana gaban mai gabatar da ƙara. In aka ɗauke shi a mai sayarwa, kotu ce, mai yiwuwa ɗauri, kuma ba sauran jirgi. In masu kayan suka fito suka ce nasu ne, tare aka saya, akwai hanya. Haka lauyar da aka ba shi ta faɗa masa, ta maimaita sau uku. Belmiro ya ce ya ji.

Washegari ɗan sandan ya zo ƙofata da hoton ƙunshin nan huɗu. An ce masa ni ne na san alamomi. Shi a tunaninsa farashi ne aka ɓoye cikin zane. Na riƙe hoton nesa, na kawo shi kusa, na ce idanuna sun tafi. Ya yi godiya ya wuce. Uku daga ciki ban yi mamaki ba. Ta huɗun ce ta sa na ajiye allurar raga na ɗan zauna: ƙugiya da tauraro, ba ƙarin layi. Alamar gidan Mestre Custódio ce, mutumin da ke jefa sigarin yaransa a ruwa in ya gani.

Su Norberto kuwa sun zama kamar ba sa gari. A ranar motar Deolinda ta zo tasha, kamar kowace Laraba. Nas ce, 'yar masunci, tana rabon allurai masu tsabta da shawara, ba ta tambayar sunan kowa ko da ita ta goye shi. Na ji ta tare Norberto a bayan motar.

"Kai, babban banza, ina za ka kana sanɗa?"

"Dona Deolinda, katin aikina fa. In suka karɓe, me yara za su ci?"

"Wa ya ce maka ana karɓewa? Mutum biyu ko uku ne a tebur, su ba ka kujera, su tambaye ka tun yaushe, sau nawa, kana barci ko ba ka yi. Ba a rubuta ka a mai laifi. Na raka mutum ya fi ɗari."

"To matata Amélia fa? Kin san Amélia. Da ta ji, a jirgi zan koma kwana."

"Af, ashe ba gwamnati kake tsoro ba."

"Gwamnati ai tana tashi aiki ƙarfe biyar."

Deolinda ta yi dariya, amma ba ta matsa masa ba. Ba haka take aiki ba. Ta dai ce, "Mutumin nan shekara nawa yana riƙe muku yatsunku. Ka yi tunani."

Wadda ba ta da wannan haƙurin ita ce Gracinda, matar Belmiro, mai tebur a kasuwar kifi. Lauya ta bar kwafin hoton a kan teburin kicin, Gracinda kuwa tun tana 'yar shekara shida take karanta alamomi a jikin kwanduna. Ta sa hoton a aljihun gaba, ta nufi kasuwa da sassafe ranar Alhamis. Ba ta yi ihu ba, wannan ya ba kowa tsoro. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya ta nuna musu.

Amélia ta kalla ta ce, "Shi ke nan? Ni da nake wanke masa riga? Shekara takwas ina jin warin nan, yana ce mini hayaƙin inji ne. Na bar shi ne don yana dawowa da yatsu goma."

Daga kasuwa Gracinda ta wuce gidan Mestre. Ba na nan, amma layin gaba ɗaya ya ji amsarsa. Ya rantse da uwarsa, ya rantse da jirginsa, ya ce gobe zai je da kansa ya wanke sunan gidansa. Matarsa Dona Vitalina, wadda ke shirya furannin coci, an ce ba ta ɗago kai daga ferar dankali ba.

Ranar Juma'a da hantsi na ji hayaniya, na leƙa. Amélia ce a gaba da filafili a kafaɗa, Norberto na bin ta kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwa. Matan gidan Torrão biyu, ɗaya da kwando, ɗaya da murfin akwatin kifi, mazansu a tsakiya. Mestre Custódio da rigar Lahadi, ya rungumo tsohon allon sunan jirgin ubansa. Kowane kaya da alamar gida a jiki. Rabin kasuwa ta rufe tebur ta biyo su. Na ɗauki sandata, ban san sanda na ɗauka ba. Muka bi babban titin bakin teku, motoci na tsayawa, masu yawon shaƙatawa na fitowa da kayan wanka suna ɗaukar hoto, wani har ya tambaye ni wane waliyyi ake yi wa biki. Na ce masa sabo ne.

Belmiro na zaune a benci a ƙofar ofishin mai gabatar da ƙara, hula a gwiwa. Da ya ga filafili ya shigo ta ƙofa, ya miƙe.

"Gracinda, me kika yi?"

"Zauna, tsoho. Kai ka iya rufe baki, ni ban iya ba. Shi ya sa aka haɗa mu."

Mai gabatar da ƙara mace ce 'yar birnin Porto, da tabarau a tsakiyar kai. Ta ce mutum biyar kawai za su shiga. Muka shiga sha ɗaya. Aka jera ƙunshin, aka jera kayan, aka ce in duba. Ranar idanuna sun ɗan warware. Na nuna mata yadda zanen takarda ya yi daidai da tsagar da ke jikin filafili, tsagar da ta girme ta. Norberto ya ce nasa ne, muryarsa kamar ta sauro.

"Ɗaga murya!" in ji Amélia. "A teku ai har Spain ake jin ka."

'Yan gidan Torrão suka amsa nasu. Saura ɗaya. Mestre Custódio ya buga allon a tebur.

"Ranki ya daɗe, alamata ce, ban musa ba. Amma shekarata sittin da tara, ban taɓa sa wannan abu a bakina ba. Belmiro, dube ni. Faɗa musu."

Belmiro ya dubi silin.

"Ba zai faɗa ba," in ji Dona Vitalina daga baya. Ta matso a hankali, da irin tafiyar matan da suka yi shekara arba'in cikin ruwan sanyi suna kwasar ciyawar teku. "Nawa ne. A madara nake narkarwa, kamar ƙwayar masara, in gwiwoyin nan sun hana ni sakat."

Mestre ya buɗe baki, haƙorin zinari ya leƙo.

"Rufe bakinka, Custódio, ƙuda zai shiga. Shekara biyu kana yabon yadda na daina juyi a gado. Ka zaci addu'arka ce?"

Wata daga waje ta fashe da dariya, sai duk barandar ta ɗauka. Matar Porto ta sauko da tabarau, ta daɗe tana rubutu, kanta a sunkuye sosai.

Sai da aka yi mako uku kafin takarda ta fito. Mutum huɗun aka tura su kwamiti, Deolinda ta raka su a bas, ta kuma haɗa Dona Vitalina da likitan ƙashi. Belmiro ba a kai shi kotu ba. An dai gaya masa a fili cewa sayo wa wani ba cefane ba ne a idon doka, ko da ba a ci riba ba, kuma in aka sake ganin gwangwani a kwandonsa, ba filafilin da zai cece shi.

Mun zaci zai yi murna. Ya dawo layi fuska a murtuke.

"Yanzu kowa da nasa a aljihu," ya ce mini. "Wa zai hana su a teku?"

Na ce ban sani ba. Da yammar da jirgi zai fita, na gangara tasha. Belmiro na tsaye a bakin katakon hawa, ya ajiye kwando, hannu biyu a buɗe. Norberto ya zo, aka zazzage masa aljihu, aka shinshina hularsa, aka cire masa takalmi ɗaya. 'Yan gidan Torrão suka bi layi suna gunaguni. Sai ga Mestre Custódio, zai wuce kai tsaye. Belmiro ya tare hanya.

"Har ni? A jirgina?"

"Ɗaga hannu, Mestre. Gidanka na cikin fayil."