Yanki na Bakwai a Shagon Baba Kafinta

Ranar da malamar aji huɗu ta shigo shagon Baba Kafinta rungume da akwatin nan, tun kafin ta ajiye ya gane shi. Yo ba shi ya ƙera shi ba? Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Ta gaishe shi, ta buɗe. Faya-fayan katako ne a ciki, kowanne an yanka shi gida-gida, wannan biyu, wancan uku, har zuwa takwas, don koya wa yara rabi da sulusi da sauransu. Faifai mai gida bakwai ne ya yi giɓi.

"Baba, yanki ɗaya ya ɓata, mun duba ko'ina. Ko za a yi mana wani?"

"Ki dawo jibi," in ji shi, ko ɗar.

Sai da ta fita ya dubi hannunsa. Shekara biyu rabonsa da aikin da ke son ido, don hannun dama ya fara rawa, sai dai gyaran ƙafar benci da ƙofar da ta kumbura. Kuma bai gaya wa kowa ba. A unguwa har gobe cewa ake ba a yi mai hannunsa ba, kuma wannan sunan shi ne abin da ya rage masa.

Shi fa bai taɓa zama a aji ba. Benci ya kai makarantar yana saurayi, Malama Doguwa, Allah ya jiƙanta, ta tare shi a baranda da zanen faya-fayan nan a takarda, ta ce ya ƙera mata. Ya ce wannan ai wasa ne. Ya ja da'ira da ƙusa da zare, ya sa zarto ya raba ta takwas, ya kai mata yana taƙama. Ta jera yankunan cikin gurbinsu, sai ga fili ya rage.

"Kafinta, ina sauran?"

"Zarto ya ci, Malama."

"To ni ba zarto a lissafina. Takwas bisa takwas ɗaya ne cif. Koma."

Kai, ranar ya sha ƙunƙuni a hanya! Kwana uku yana fushi, sannan ya gano bakin zaren: kowane yanki daga katakonsa daban, a yanka shi da ɗan girma, a yi ta guga har ya zauna. Rabi da rubu'i ba su ba shi wuya ba, ninka takarda ne kawai. Amma bakwai? Bakwai ba ya ninkuwa, ɗan banza. Wata guda ya yi yana awon zare kafin ya samu kansa.

Da ya kai, Malama Doguwa ta ce ya tsaya ta taga ya gani. Wata yarinya ta ɗora rubu'i biyu a kan rabi, ta zaro ido ta kurma ihu, "Lah, daidai suke!" Wallahi ko ranar aurensa bai ji daɗi irin na ranar ba. Daga nan aiki ya buɗe: agogon katako mai hannu biyu, sandunan ƙirga, sikelin da ake gwada nauyin duwatsu. In an tashi makaranta yara kan leƙo shagon su tsokane shi, "Baba, bakwai sau takwas?" Ya kore su da tsumman fenti, yana dariya. An sha zamani, ba laifi.

Yanzu ga shi da tabarau a karan hanci, yana riƙe hannun dama da na hagu. Ya yanka na farko, ya karkace. Na biyu ya tsage. Matarsa ta aiko da abinci ya huce, ta zo da kanta ta yi mita, ya ce ta ƙyale shi. Guda biyar ya ɓata. Na shida ya yi kyau a ido, ya shafa masa shuɗin fenti irin na 'yan'uwansa, amma ya kasa gwada shi a gurbin, don tsoro yake ji.

Jibin na yi malamar ta dawo. Ya ɗauki yankin ya saka. Ya shiga, sai dai ta gefe guda akwai ɗan fili da ashana za ta kwanta a ciki.

"Kai, Baba, ya yi! Yara ba za su ma lura ba."

Ya ɗago ya dube ta. Tausayinsa take ji, kuma hakan ya fi masa ciwo a kan filin. Da zai yi shiru, da ta tafi tana godiya, sunansa na nan yadda yake. Ya sa farce ya ciro yankin.

"Za su lura, 'yata. Wanda bai lura ba kuma zai tashi da ƙarya a kansa. Ki kai akwatin wajen kafinta mai injin nan na bakin titi." Mutumin da Baba ya shekara goma yana cewa bai iya riƙe zarto ba ke nan. "Ki ce ya yanka da ɗan girma, sannan ya goge a hankali."

"In ya tambayi wanda ya aiko ni fa?"

Baba ya rufe akwatin, ya share ƙurar murfin da hannun riga, ya miƙa mata.

"Ki ce ni ne. Ki gaya masa hannuna ya daina."