Hannun Kombo

Duk bakin ruwan Tanga an san Kombo Hamadi, kuma a da ba da alheri aka san shi ba. Samartakarsa unga ce ta cinye ta, hodar nan da ke mai da namiji tsumma. Ya sayar da tukwanen uwarsa, ya sayar da tabarmar sallarta, har murfin rijiya bai tsira ba. Ranar da uwar tasa, Bi Mwanaidi, ta sayo kwaɗo ta garƙame ɗakinta saboda ɗan cikinta, ko hawaye ba ta yi ba, ta dai ɗaure makullin a bakin zane.

Daga baya aka buɗe asibitin masu shaye-shaye. Kullum da safe a ba mutum jan ruwan magani a ɗan kofi, ya shanye a gaban nas, jiki ya daina neman hoda. Sista Upendo ce ke zubawa, kuma ta san kowa da fuska. Kombo ya riƙe abin da gaske. Ya murmure, ya koma masallaci, har Mzee Shauri mai kwalekwale ya sa shi cikin masu jan taru. Wata rana ya dawo da kifi a leda, ya tarar da ɗakin uwarsa a buɗe, kwaɗo ya ɓace. Ya miƙa mata ledar. Ta dafa shinkafa da kwakwa, suka ci a faranti ɗaya.

Ana nan sai kuɗin gwamnati suka iso. Sista ta daɗe tana roƙon a ƙaro mata nas ko guda, da rumfa don masu layi, amma abin da aka aiko na'ura ce. Manya suka zo da motoci, aka yanka ƙyalle, aka tafa, aka ce daga yau ba sata ba son kai: ka dangwala yatsa, na'ura ta gane ka, famfo ya tsiyayo maka rabonka. In ba ta gane ka ba, ko ɗigo ba zai fito ba. Wanda ya ƙera ta dai bai taɓa riƙe igiyar taru ba.

Igiya da ruwan gishiri ba sa raga wa fata. Zanen yatsun Kombo ya shafe sumul kamar gindin tsohuwar tasa, na'ura ta fara kunna masa jar wuta. 'Yan layi suka yi ta ba shi dabara, wannan ya ce ya goga a goshi, wancan ya ce ya lasa. Wani ya ce, "Kombo, gwamnati ta ce ba kai ba ne. Faɗi gaskiya, wa ya aiko ka?" Aka bushe da dariya, shi ma ya yi, gumi na keto masa.

Sista ta gwada yatsun duka, ta ce famfon ba ya hannunta, masu gyara suna can Dodoma, babban birnin ƙasar, ta kira har ta gaji.

"Sista, kin fa san ni."

"Na san ka, ɗan'uwana. Ita ce ba ta san ka ba, kuma yanzu ita ake tambaya."

Haka aka yi ta yi, yau ta karɓa, gobe ta ƙi. Duk ranar da ta ƙi sai ƙasusuwansa su ɗau ciwo, ga gudawa, ga hamma, kuma ya san sarai inda ake sayar da sauƙin abin a bayan kasuwar kifi. Bai je ba. Sista ta ce ba ta da wata shawara illa ya hutar da hannun, zanen zai dawo. Mzee Shauri ya ce shi kwalekwalensa ba shi da wurin mai lallaɓa hannu, ya ba wani gurbin.

To, Kombo ya zaɓi magani. Ya koma zaman gindin mangwaro yana shafa man kwakwa a tafi kamar amarya, kuma a unguwar, inuwar marasa aiki ɗaya ce da ta 'yan hoda. Maƙwabta ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen kai wa uwarsa labari. Ya zauna ya bayyana mata komai, igiya, gishiri, na'ura. Ta saurara ta ce to. Ta sha jin labarai daga bakin nan, kuma abin takaicin, wannan na gaskiyar ya fi duk ƙaryar baya kama da ƙarya.

Zanen ya dawo. Na'ura ta kunna koriyar wuta, Kombo ya shanye kofinsa, ya nufi gida cikin sauri don ya gaya wa uwarsa. Ya same ta tana tsince shinkafa.

"Mama, wallahi ban koma ba."

Ta ajiye faifan, ta kama hannunsa, ta juya tafin ta shafa. Laushi luɓus, ba kanta ko ɗaya.

"Na san hannun nan," in ji ta. "Da shi aka ɗauki tukwanena."

Sai a lokacin ya dubi ƙofar ɗakinta, ya gan ta a garƙame. Ashe ba ta taɓa yar da kwaɗon ba.