Sanƙiran Kudan da Aka Hana Magana

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure a Kudan ko Hunkuyi a 'yan shekarun baya, da wuya a ce bai ji muryar Ɗan'azumi Sanƙira ba. Shi ne ke miƙewa bayan an shafa fatiha, ya shelanta cewa an ɗaura auren wance da wane, ya jero iyaye da kakanni har na bayan taro su ji. A hannun kawunsa ya koyi sana'ar. Mahaifinsa kuwa mai tufkar igiya ne, mutumin da kan wuni bai ce uffan ba, kuma Ɗan'azumi bai ɗauko ko kaɗan daga halinsa ba. Ko abinci ba ya iya ci shi kaɗai.

Yana dab da shekara sittin muryarsa ta fara dishewa. A wani asibiti a Zariya aka yi masa aiki, aka cire wani tsiro daga maƙogwaronsa. Likitan ya gargaɗe shi a gaban matarsa Zulaihatu cewa kada ya yi magana, ko da raɗa ce, har sai wurin ya warke. In ya saɓa, muryar za ta tafi ba dawowa.

Likitan bai yi lissafi da masu dubiya ba. Tun kafin Ɗan'azumi ya cire takalmi zaure ya cika. Sa'anninsa yakan ɗaga musu hannu su haƙura, amma da dattijon unguwa Malam Ashafa ya dogaro sandarsa ya shigo yana tambayar ya jiki, ya iyali, ya gajiyar hanya, Ɗan'azumi ya ga ba zai iya amsa wa sa'an mahaifinsa da ka ba. Ya durƙusa ya amsa gaisuwar tun daga farko har ƙarshe. Da dattijon ya fita, ya tofar da yawu ya ga jini.

"Malam, garin nan da gaisuwa zai cinye maka murya," in ji Zulaihatu. Ta karɓe wayarsa, ta aika aka kira ƙaninta Safiyanu, mai gonar rake a wata fadama ta wajen Makarfi, ya zo ya tafi da shi can.

Safiyanu ya sauke shi a bakin bukkar gonar yana dariya. "Yaya, ga masaukinka. Rake ba ya gaisuwa, in ma ya gaishe ka kada ka amsa."

Kwanakin farko sun yi masa tsanani. Ya zauna, ya tashi, ya kewaye gonar, ya dawo ya sake zama. In ya jiyo ƙahon mota daga titi sai ya tsaya yana hasashen ko wane ne. In iska ta kaɗo kiɗa daga wani ƙauye, sai ya ji leɓunansa suna motsi da kansu, suna jero sunayen mutanen da ba su san yana yi ba. Har bakin hanya ya taɓa kaiwa da nufin komawa gida, sai ya tuna jinin nan ya juyo.

A kusurwar bukkar akwai tarin ɓawon rama da Safiyanu ya ajiye. Wata rana, don dai hannunsa ya sami abin taɓawa, ya jiƙa kaɗan ya fara murzawa a cinyarsa. Igiyar farko ta fito a karkace, wani wuri kauri wani wuri siriri. Ya warware ya sake. A hankali hannun ya tuno abin da ido ya gani a yarinta, ya soma gane inda ake ƙara zare da inda ake sassautawa. Ranar da ya ɗaga kai ya ga azahar ta yi bai sani ba, abin ya ba shi mamaki. Zumuɗin bai bar shi ba, sai dai yanzu ya sami inda zai zuba shi.

Ana cikin haka amininsa Muktar ya iso a kan babur, ranar da za a ɗaura auren 'yar shi Muktar ɗin.

"Kai Sanƙira, nan ka ɓuya kamar mai takaba? Tashi mu tafi. Kalma biyu kawai za ka faɗa. Salman da ke riƙe maka wuri, makon jiya kakan ango ya bai wa amarya!"

Wannan ta soki Ɗan'azumi. Ya sa hularsa, ya taka har gindin babur, ya dafa kafaɗar Muktar. Ya san kansa sarai: in ya ga taro, kalma biyu ba za ta ishe shi ba. Ya janye hannunsa. Daga nan ya nuna maƙogwaronsa, ya girgiza kai, ya koma inuwa ya zauna.

"To zauna, rake ya yi maka zumunci," in ji Muktar, ya tayar da babur a fusace.

Ranar nan Ɗan'azumi ya yi tufka har tafin hannunsa ya yi bororo. Muktar kuwa ya daɗe bai huce ba.

Da lokaci ya yi, Zulaihatu ta raka shi Zariya. Likitan ya haska maƙogwaron, ya ce wurin ya haɗe, ya umarce shi ya gwada magana. Mutumin da ya shekara arba'in yana cika fili da murya ya shiga laluben abin faɗa. Da muryar ta fito, ƙarama ce, ba za ta ƙetare titi kamar da ba, amma tana nan, kuma a sarari take.

"Zulai," ya ce, "gobe zan koma fadama. Akwai sauran rama da na jiƙa."