Yatsun Goggo da Gilashi

Goggo, yayar mahaifina, ta shekara talatin da biyu tana buga wa mutane takardu. Shagonta ɗan ɗaki ne tsakanin na tela da na mai gyaran agogo. A ciki akwai tebur ɗaya, kujera biyu, da fanka mai karkatar wuya da ba ta hura wa kowa iska sai bango. Da tafireta ta fara, shi ya sa har yau tsofaffin layin suke ce mata Mai Tafireta, ko da yake injin ya daɗe a ƙarƙashin gadonta, naɗe cikin tsohon zane.

Da kwamfuta ta shigo, ba ta wahalar da ita ba. Ta ce mini madannan suna nan inda ta san su, laushi kawai suka ƙara. Maus ne ba ta taɓa shiri da shi ba, ta ture shi bayan firinta, ta haddace yadda ake buɗe takarda, a adana, a fitar da ita, duk da yatsu.

Tana da wata ɗabi'a. In mutum ya zauna zai faɗi damuwarsa, sai ta kwantar da yatsu takwas a layin tsakiya na madannai, ta zuba masa ido. Ba ta danna ko ɗaya sai ya gama, ya yi kwana-kwanarsa, ya zagi wanda zai zaga. Sannan ta mayar da hirar minti ashirin ta zama layi tara. Ba ta duban gilashi, ba ta duban hannunta. Saboda haka babu wanda ya lura cewa kusan shekara biyu idonta yana dushewa. Ita ma ba ta faɗa ba. Ta san ɗanta, wanda take tsokana da Injiniya don yana gyaran wayoyi, ya daɗe yana so ta rufe shagon ta zauna a gida, hujja kawai yake nema.

Wata safiya tsohuwar kwamfutar ta ƙi tashi. Injiniya ya buɗe cikinta, ya hura, ya girgiza kai, ya ce wannan sai dai addu'a. Bayan kwana biyu ya kawo mata sabuwa ta shafa-shafa, shafal kamar faranti, babu waya babu akwati. Ya nuna mata yadda haruffa suke fitowa a jikin gilashin, ya ce ko jikanta mai shekara huɗu ya iya, taɓawa ce kawai. Goggo ta juya abin gaba da baya, ta tambaye shi ina ake ɗora hannu. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi.

Mutum na farko da ya shigo wani tsohon maigadi ne, yana son takardar neman a sauya masa wurin aiki zuwa kusa da gida, don gwiwarsa ta fara ba shi matsala. Ya fara bayani, Goggo ta kwantar da yatsunta a kan gilashin yadda ta saba, ta zuba masa ido. Madannan gaske suna haƙuri da nauyin hannu, sai an danna su. Gilashi bai san hutawa ba, duk abin da ya taɓa shi umarni ne. Tsawon hirar, yatsun suna ta zuba haruffa. Da ta fara rubutun, babu 'yan tudun nan biyu na jikin madannai da suke gaya wa yatsa manuniya inda take, hannun ya zame gefe da harafi ɗaya, ya tafi a haka har ƙarshe. Ta lalubo wurin fitarwa da ƙyar, firinta ta turo takarda, ta ninke ta sa a ambulan. Maigadin, wanda bai iya karatu ba, ya yi godiya ya tafi.

Washegari ya dawo, ba da faɗa ba. Ya ce akawun ofishinsu ya duba takardar, ya tambaye shi ko kaza ce ta yi tafiya a kai. Tela ya leƙo, ya karɓa, ya karanta a zuci, ya miƙa wa Injiniya da ya zo ganin yadda na'urarsa take aiki.

Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya matso da takardar gaban fuskarta, ya ce ta karanta masa layin farko. Ta daɗe tana dubawa.

"Ba na gani sosai," in ji ta. "Tun bara waccan."

Daga nan ya fara. Ya ce da ma abin da yake gudu ke nan, ta yi aiki ya isa, gida akwai inuwa akwai jikoki, kuma ba zai zuba ido sunanta ya lalace a layin da aka san ta da kyan aiki ba. Goggo ta bar shi ya ɗan yi nisa, sannan ta tambaya ko tsohon allon madannanta zai iya shiga wannan farantin. Ya ce zai iya, da wata 'yar mahaɗa, amma ba wannan ce maganar ba. Ta ce ya kawo tukuna. Ya tsallaka shagonsa ya dawo da ita, ya haɗa, yana cika yana batsewa.

Ta goge ƙurar allon da bakin mayafinta, ta lalubo tudun nan biyu, ta rufe ido.

"To, Injiniya, ci gaba daga inda ka tsaya. Inuwa da jikoki."

Ya ci gaba, don ya ɗauka ta shirya sauraro. Wannan karon ba ta jira ba, yana faɗa tana bugawa, har da "kin gane ko, Mama" da yake sakawa a kowace gaɓa. Da ya yi shiru ta juya masa gilashin. Ya karanta maganarsa tun daga sama, babu harafi ɗaya da ya kauce. Tela ya leƙa ta kafaɗarsa, ya ƙirga, ya ce "kin gane ko" goma sha ɗaya ne, kuma a ganinsa Hajiya ta gane tun a na uku.

Injiniya ya zauna a kujerar masu kawo aiki, ya riƙe haɓa. Can ya ce shagon zai zauna, amma da sharaɗi biyu: ranar Litinin za su je asibitin ido, kuma kafin a gyara idon, babu takardar da za ta fita sai wani ya karanta ta da ƙarfi a gaban mai ita. Goggo ta ce na farkon ta yarda, na biyun kuma ai ga Tela nan, da ma kunnensa kullum a shagonta yake kwana.

Sannan ta juya wurin maigadin, wanda yake tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu tun ɗazu. Ta ba shi haƙuri, ta ce ya zauna ya sake faɗa mata tun daga farko, wace gwiwar ce ma, ta dama ko ta hagu.