Ɗakin da Gwaggo ta Buɗe

Daga Jibiya zuwa Maraɗi ba tafiya ba ce da ake yi wa doguwar sallama. Ka hau mota a Magama, 'yan duwan, wato kwastan, su leƙa kaya, jandarma ya dube ka sama da ƙasa, kafin ka gama gyangyaɗi an iso. A wannan karon jami'ar garin ce ta gayyace mu, mu 'yan malamai daga ɓangaren Katsina, wani taro kan koyar da Hausa. Su suka kama mana masauki a wani tsohon otal da ke tsakiyar gari, dab da kasuwa.

Ginin na tun zamanin Faransawa ne. Bangonsa na da kauri ƙwarai, shi ya sa ko da tsakar rana ɗakin na da sanyi kamar cikin randa. Tagogin na katako ne masu tsaga-tsaga, fankar tana da dogon wuya, tana juyawa a hankali tana ƙara. A zauren karɓar baƙi an rataye hotunan Turawa masu sayen gyaɗa, duk sun koɗe. Da yamma ɗaliban jami'a kan cika farfajiyar, su sayi lemo guda su zauna a kansa har magariba, suna karatu a ƙarƙashin bishiyar bedi. Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi mini. Ni mutum ne mai son a bar ni ni kaɗai, kuma ban taɓa samun inda aka iya barin mutum kamar nan ba.

Sai dai ina da gwaggo a garin, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai ta can tun kafin a haife ni. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka Babana take kirana. Na shirya in je in gaishe ta bayan taro ya lafa. Ashe wata 'yar kasuwa da muka shigo mota ɗaya daga Magama maƙwabciyarta ce, kuma ta gane ni. Labarina ya riga jakata sauka.

A wurinmu, mutum ba ya sauka a otal a garin da yake da jini. Wanda ya yi haka, ko dai an yi faɗa a gidansu, ko yana da abin ɓoyewa, ko kuma ya raina tabarmar danginsa. Na san wannan sarai. Na dai ɗauka aikin jami'a zai zame mini uzuri, a unguwar Gwaggo kuwa babu wanda ya karɓi wannan uzurin.

Washegari da hantsi wani dattijo ɗan kabu-kabu ya yi sallama da ni a ƙofar otal, ɗauke da ƙwaryar fura an rufe da faifai. Da azahar ya dawo da tuwo. Mai karɓar baƙin, wanda ya saba da burodi da gahawa, ya rasa inda zai ajiye kwanuka, sai ya jera su kan teburinsa kusa da makullai. Abokan tafiyata suka samu abin tsokana, suna cewa a haɗa ni da jami'a a ba Gwaggo ta riƙe. Su suka fi ni cin tuwon.

Da na je gaishe ta, ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambayi kowa na gida da sunansa, sannan ta ce, "Babana, mi muka yi maka? Mutane na ta tambayata, wai ɗan yayanki ya zaka gari ya kwan cikin baƙi. Ni ban san abin da zan ce musu ba."

Na yi mata bayanin taro, da motar da ke ɗaukarmu da sassafe daga ƙofar otal. Ta saurara har na gama.

"To, ko dare guda," in ji ta.

Na ce in sha Allahu daren ƙarshe. Da gaske nake nufi. Amma aka rufe taron da wuri, shugaban tafiyarmu ya ce da la'asar za mu kama hanya, don a ƙetare boda da sauran rana. Na mayar da makulli, na hau kabu-kabu da jakata na je yi mata sallama.

Ta ga jakar, fuskarta ta washe. Kafin in buɗe baki ta ja ni zuwa wani ɗaki kusa da zaure. Ɗakin mijinta ne, wanda na san a kulle yake tun rasuwarsa. An share shi, an yi turare, an shimfiɗa sabon zanin gado, ga buta cike da ruwa a bakin ƙofa. Ta ce tun ranar da na iso ta buɗe shi.

Na faɗa mata gaskiya, cewa mota na jirana. Tausayinta ya kama ni har na kasa ɗaga kai. Ta kalli gadon.

"Yanzu-yanzu za ku tahi?"

"Sai la'asar, Gwaggo."

"To kwanta. Ka ɗan kishingiɗa, rana ta yi sanyi."

Na cire hula da takalmi na kwanta, ta ja ƙofar ta fita. Barci bai zo ba, ban ma neme shi ba. Unguwar tsit take, kowa na cikin gida saboda zafi, ko akuya ba ta kuka. Sai na ji takunta ta bi zaure ta tsaya a bakin titi, ta ɗaga murya yadda gidaje uku za su ji.

"Don Allah ku rage surutu hakanan! Babana na ɗaka yana kwana."